Ƙyalle na Huɗu Yana Wurin Delu

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya saukar mana da ciwo kuma ya ba mu ƙarfin jinya. Sunana Asabe, daga wani ƙauye kusa da Hunkuyi, gidan da ake sayen koko da safe. Bokon nan a ajin yaƙi da jahilci na koye shi, don haka wanda ya ga baƙi ya karkace ya yi haƙuri. Na sa an kwafi takardar nan an rarraba wa direbobin da ke lodin hatsi a kasuwar Hunkuyi, saboda mutum ɗaya nake nema: Garba, ƙanin mijina, da matarsa Delu da 'ya'yansu uku. Na yi masa babban laifi. Kuma akwai wani abu a gidansa da nake tsoron yana cinsu a hankali ba su sani ba.

Sunan maigidana bai taɓa fita daga bakina ba, amma yau hannu ne ke magana: Salihu. Ni Malam nake ce masa. Bayan an gama yaƙin basasa, ruwa ya yi ta ƙaranci, sai wani mai kai goro Nijar ya zo da labarin cewa can bayan Agadas Turawa suna ɗibar lebura, ana haƙar wani dutse a cikin rairayi, kuma ana biya kowane wata ba fashi. Malam ya bar wa Garba fadamar rakensa ya tafi. Shekara huɗu ya yi, sau biyu kawai ya leƙo gida.

Da ya dawo gaba ɗaya, kai, sai ka ce Alhaji ya sauka. Keke sabo, rediyo, bargo, agogon hannu. Ya ce dutsen sunansa yuraniyom, su dai lebura ba sa wahalar da bakinsu, rawaya suke ce masa, don in an niƙa shi an dafa an tace, wani gari ne rawaya yake fita a zuba a ganguna. Na tambaye shi me ake yi da shi. Ya ce wasu sun ce wutar lantarki ake yi a ƙasar Turawa, wasu sun ce bam. Na ce to, mu dai ga mu da aci-balbal.

A ƙasan akwatinsa akwai wani ƙyalle mai kauri, babba, saƙarsa a matse. Ya ce a jujin kamfanin ya tsinto shi, an yar, shi kuma ya tuna da ni da tatar kamu. Wallahi na fi murna da shi a kan rediyon. Duk mai koko ta san wahalar ƙyallen tata: ko ya yage, ko ya bar dusa ta wuce. Wannan kuwa gasara take fita sumul. Da na wanke shi ruwan ya yi rawaya, na sake, ya sake yi, har sau biyar, na ce rini ne. Kuma a garinmu ba a cin tsaraba a ɓoye. Mace ta samu abu mai kyau ta hana faccalarta, ai ta shiga bakin duniya. Na raba shi huɗu, na daje bakin kowanne da shuɗin zare. Ɗaya nawa, ɗaya na Gwaggo Hansai ƙanwar mahaifin Malam, ɗaya na maƙwabciyata, ɗaya na Delu.

Malam ya karɓi fadamarsa daga hannun Garba. Ba a yi faɗa ba, amma na ga fuskar Garba ranar, shekara huɗu yana gyara wuri. Na ajiye wannan a raina, kuma da ban ajiye ba da ya fi mini.

Shekara biyu da dawowarsa, lokacin saran rake, tari ya fara. Sati na farko ba wanda ya kula. Na dafa masa citta da kanumfari, na zuba zuma. Sati na biyu ya ce in ya ɗauki dami ɗaya sai ya zauna yana haki, mutumin da yake ɗaukar biyu yana waƙa. Garba ne ya goya shi a keke zuwa ɗakin shan magani na Hunkuyi, aka ba shi wani jan ruwa a kwalba da ƙwayoyi farare. Ya shanye tas, tarin ko gezau.

Sati na uku 'yan dubiya suka fara, kowa da likitancinsa. Wannan ya ce sanyi ne, a yi ƙaho. Wanzami ya zo ya yi masa shida a baya. Waccan ta ce a jiƙa sassaƙen marke. Liman ya aiko da rubutu, Allah ya saka masa, bai karɓi ko goro ba. Duk abin da aka kawo Malam ya sha, ba musu. A sati na huɗu ina share ɗaki na ga ƙasar da yake tofa kaki a kai ta yi ja. Na rufe da tsintsiya, na fita bayan rumbu na yi kukana na dawo.

Ranar ce Gwaggo Hansai ta ja ni gefe.

"Ke Asabe, idonki a buɗe yake kuwa? Mutum ya je ƙasar da ba ruwa ba ciyawa ya dawo garau, sai da ya karɓi gonarsa zai kwanta?"

Na ce, "Gwaggo, me kike nufi?"

"Ni ban ce komai ba. Wa yake kawo masa fura kullum da hantsi?"

Garba ne yake kawowa. Delu ta dama, shi ya kawo da hannunsa, ya zauna har yayansa ya sha. Tun daga ranar komai na Garba ya zama abin zargi a idona. In ya zo da wuri, na ce ɗoki yake ya ga aikinsa. In ya makara, na ce kunya ce ta kama shi. In ya yi wa Malam sannu da taushin murya, sai in ji kamar in watsa masa ruwan zafi. Na sayar da akuyata muka je wurin wani mai duba a wajen Dandamisa, ni da Gwaggo. Ya share ƙasa, ya zana, ya goge, ya ce, "Abin a cikin gida yake, kuma kullum yana shiga cikinsa." Gwaggo ta dafa cinyata. Yanzu na san ko wane gida ka shiga ka faɗi haka za ka dace, amma a lokacin ji na yi an buɗe mini ido.

Sati na shida, ranar Laraba, zaure cike da 'yan dubiya. Garba ya yi sallama da kwanon fura. Na tare shi a bakin ƙofa, a gaban mutane, ni da ban taɓa ɗaga murya a zaure ba.

Na ce, "Garba, fara kurɓa."

Ya yi dariya, ya zaci wasan da muka saba ne na matar wa da ƙanin miji. "Haba Yaya Asabe, yau kuma rowar me ake yi mini?"

"Na ce ka fara kurɓa, kowa ya gani."

Ya dube ni, ya dubi dattawan da ke zaune. Sai ya tsuguna, ya yi bisimilla, ya kafa kai bai ɗago ba sai da ya shanye. Ya ajiye kwanon a gabana, ya ce, "Ni, Yaya Asabe?" Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ya fita ko kwanon bai ɗauka ba. Ni kuwa don taurin kai na ce wa Gwaggo ai mai abu ya san makarinsa.

Malam yana ciki bai san an yi ba, na kuma hana a gaya masa.

Sati na bakwai numfashi ya fara yi masa wuya ko yana zaune. Aka sayar da keken, muka hau motar rake zuwa Zariya. Direban ya sa shi a gaba bai karɓi kuɗinsa ba, Allah ya kiyaye masa hanya duk inda yake. Babban asibiti kuwa, wanda bai je ba ya gode wa Allah. Layin kati daban, layin ganin likita daban, layin hoton ƙirji daban, kuma in ka kai gaba a ce a dawo gobe. Kwana uku muna ƙarƙashin wani mangwaro kafin a ba shi gado. Wata Bafulatana daga Paki da ke jinyar mahaifinta ita ta matsa mini a tabarmarta, ta nuna mini inda ake ɗiban ruwa da wace nas ce ake iya yi wa magana. Ban ma san sunanta na yanka ba.

Suka ce tarin fuka ne. Allura kullum, har ɗuwawunsa ya yi tauri ba wurin sokawa. Sati uku ana yi. Waɗanda aka kwantar tare da shi suka fara cin tuwo suna neman ƙari, shi kuwa sai ramewa, idanu zuru-zuru, agogon nan yana zamewa har gwiwar hannu. Aka sayar da rediyon, daga baya agogon ma ya bi shi. Kullum yana tambayata, "Garba bai zo ba?" Ina cewa aikin rake ne ya riƙe shi. A sati na tara wani ɗan garinmu ya zo dubiya ya raɗa mini cewa Garba ya kwashe iyalinsa a motar kaya, bai yi sallama da kowa ba, bai ɗauki ko kara ɗaya daga fadamar ba. Gari ya ɗauka, yara suna yi wa 'ya'yansa waƙa, ba mai sayen furar Delu. Kun san abin da na ce? Na ce gudun mara gaskiya ne. Kaicona.

Sati na goma wani likita ɗan Indiya ya ɗaga hoton ƙirjin a jikin taga, ya daɗe yana kallo. Ya yi magana, nas ta fassara.

"Ya ce aikin me mijinki yake yi?"

Na ce, "Manomi ne."

Ya girgiza kai. Nas ta ce, "Ya ce wannan ba huhun manomi ba ne."

Maganar nan har yau tana kunnena. Sai Malam da kansa, yana magana yana hutawa, ya ba su labari. Rami ne wanda garinmu duka zai shige ciki. A sa nakiya, ƙasa ta tashi, kafin ta lafa a ce su shiga. Ba abin rufe hanci sai wanda ya ja rawaninsa. A kan duwatsun suke zama su ci abinci, da kayan aikin suke komawa masauki. Manyan kuwa in za su shiga inda ake tace garin, sai sun sa safar hannu da wani abu a fuska. In lebura ya je asibitin kamfanin, ko me ya kai shi, zazzaɓi ne. Shi ma da ya fara gajiya a shekara ta huɗu, aka duba shi, aka yi ta rubutu, ba a gaya masa komai ba. Bayan wata guda aka kira shi ofis aka sallame shi da fara'a, har da shan hannu.

Likitan ya ce ƙurar dutse ta cika huhun, kuma akwai wani tsiro a gefe guda da yake zaton ciwon daji ne. Ya ce ba su da abin yi sai rage masa zafi. Ni fa ko a nan ban saki zargina ba. Na ce a raina, ina ɗan Indiya ya san sammu? Na kuma zargi likitan ma, na ce gadon yake so ya ba wani. Sati na goma sha biyu muka dawo gida da kwalbar magani ɗaya.

Sati biyu da dawowarmu, da la'asar, aka yi sallama da Malam. Wani dogon mutum ne, Ba'adare, sunansa Idi, tare suka yi aiki a ramin. Ya zo Kano neman magani, ya ce ba zai koma ba sai ya ga abokinsa. Tun daga zaure na ji tarinsa, irin na Malam ne sak, har yadda yake dafe ƙirji. Aka shigo da shi tsakar gida inda Malam yake kwance a inuwa. Suka gaisa, suka fara lissafa abokan aiki. Wane fa? Ya rasu. Wane? Yana kwance a garinsu. Wane? An sallame shi, ba labari. Ina tsugune ina wanke-wanke, hannuna ya tsaya a cikin ruwa. Duk waɗannan su ma Garba ne ya ba su fura?

Sai idon Idi ya kai kan igiyar shanya. Ya miƙe tsaye.

"Salihu, wancan fa? Ina ka samo shi?"

Malam ya ce, "A juji. Uwargida ke tatar kamu da shi."

"Tatar me?" Ya juyo wurina. "Baiwar Allah, abin da ake sha?"

Na ce, "Shekara biyu ke nan. Duk garin nan kokona suke sha."

Ya yi salati ya koma ya zauna. Ya ce shi a ɗakin tacewar ya ƙarasa aikinsa, bayan tafiyar Malam. Ƙyallen nan shi ne ake shimfiɗawa a cikin injin da ke tace garin rawayan. In ya tsufa, da dogon ƙarfe ake ɗauko shi, Bature ba ya taɓa shi da hannu, kuma akwai wani ɗan akwati da suke kusantar da shi yana ƙara. Ya ce bai san me yake yi wa mutum ba, ba wanda ya taɓa gaya musu. Abin da ya sani, wanda ya san abin tsoronsa yake ji.

Ban yarda da shi nan take ba, halina ne. Washegari na naɗe ƙyallen a cikin tsumma na koma Zariya ni kaɗai, na yini a bakin ƙofa har likitan nan ya fito. Ya saurara, bai taɓa ƙullin ba. Nas ta ce, "Ya ce ba shi da abin auna shi a nan, ba zai yi miki ƙarya ba. Ciwon mijinki daga ramin ne. Wannan kuwa bai san iyakar abin da zai yi ba, kuma irin wannan ba ya nunawa da wuri, sai bayan shekaru. Amma ya ce da gidansa ne, ba zai bar shi ya kwana ba. Kada ki ƙona. Ki binne da zurfi, nesa da rijiya."

Na dawo na bi gida-gida. Maƙwabciyata ta miƙo nata. Gwaggo Hansai kuwa sai da muka yi. Ta ce, "Ƙyallen da ya fi kowanne? Wani Ba'adare ya zo ya yi tari sai ki tayar mana da hankali?" Na ce, "Gwaggo, na bi maganarki sau ɗaya, ta ishe ni har kabari." Na cire shi daga kan igiyarta da kaina. Guda uku na binne a kan tudu bayan gari, na ɗora dutse. Ina tsaye a wurin na tuna na huɗu. Delu ba ta rabuwa da shi, ko biki za ta je aikin abinci da shi take tafiya. Ni na ba ta da hannuna, ni kuma na kore su da shi.

A sati na goma sha bakwai na gaya wa Malam. Da safe ne, na gama goge masa jiki. Na faɗa masa duka, da mai duba, da zaure, da kwanon.

"A gaban mutane?"

"A gaban mutane, Malam."

"Ya sha?"

"Ya shanye."

Ya juya fuskarsa bango. Na zaci ba zai ƙara yi mini magana ba, kuma da ya yi haka ban ga laifinsa ba. Can ya ce, "Ranar da Inna ta rasu, a bayana na goya shi har maƙabarta, yana tambayata ina za a kai ta." Ya yi tari ya huta. "Ki nemo shi, Asabe. Ni na yafe miki nawa. Nasa ba a hannuna yake ba."

Kwana tara bayan nan, ranar Jumma'a da hantsi, Allah ya karɓi abinsa. Yana salati har numfashin ya ƙare. Allah ya jiƙansa, ya sa ciwon nan ya zama kankarar zunubi. Mutanen gari sun yi mini abin da ba zan iya biya ba, har waɗanda suka sha kokona suka kuma ji labarin ƙyallen. Ba wanda ya zage ni, ni dai na daina sayarwa. Yanzu ko yaro ne ya ƙware da ruwa a gidan nan sai in ruga in duba shi.

Kamfanin kuwa na sa an rubuta musu takarda sau biyu ta hannun mai goron nan. Shiru. Ba ni da hujjar da zan kai gaban alƙali, amma ba wanda zai sa in yarda cewa masu safar hannu ba su san abin da suke gudu ba. Sun duba shi, sun rubuta, sun sha hannu da shi sun turo mini shi gida. Na bar su da Allah. Ku kuma matan da mazanku suke can, ko suke shirin tafiya, duk abin da aka kawo muku daga jujin wurin nan, ƙyalle ne, ganga ce, ƙarfen da za a ƙera tukunya ne, kada ya shiga madafarku ko da ya fi zinariya kyau. In kuma tari ya kama mutum, ku fara tambayar inda ya yi aiki kafin ku tambayi wa ya kawo masa fura.

An ce an ga Garba a wajen Lafiya, aka je ba shi ba ne. An ce Gombe, an ce Kurmi. Dogo ne, baƙi, yana da tabon lauje a babban yatsan hagu, in zai yi dariya yana rufe baki da hannu. Delu gajera ce mai wushirya. Ƙyallen fari ne da ya rine ya koma ruwan ƙwai, mai kauri, bakinsa da shuɗin zare, ɗinkin hannuna.

Garba, in wani ya karanta maka wannan: yayanka ya rasu, har kwanakinsa na ƙarshe yana kiran sunanka. Fadamar tana nan ba wanda ya taɓa, na hana. Kwanonka na wanke na kife, yana kan randa. Na faɗa a zauren nan, a gaban mutanen nan, cewa ƙarya na yi maka, kuma zan sake faɗa a gabanka in ka yarda ka tsaya. In ba za ka yafe ba, kada ka yafe, haƙƙinka ne. In ba za ka dawo ba, kada ka dawo. Abu ɗaya nake roƙonka don Allah da darajar wanda ya goya ka: ka tashi yanzu ka shiga wurin Delu, ka cire ƙyallen nan daga kan igiya kafin ta tace kamun gobe.